Idan mun yarda akwai wuta, me ya sa ba ta hana mu? Zare kan Fagge da Sabon Gari

1/ Daren jiya a teburin mai shayi wani ƙanina ɗan jami'a ya jefo tambayar da ta sa kowa ya ajiye kofi. Ya ce, "Yaya, in da gaske mun yarda akwai wuta, ya aka yi muke rayuwa kamar babu ita?" Aka yi masa ca, wai yana neman yin saɓo. Ni kuwa da ita na kwana. Ku biyo ni, zaren da ɗan tsawo. 🧵

2/ Ba fatawa zan bayar ba, ni ba malami ba ne. Ɗan Fagge ne ni, a nan aka yanke min cibiya, kuma ina son karatun tarihi. Abin da zan iya shi ne in ɗauko unguwanni biyu da na sani, Fagge da Sabon Gari, mu ga me masu imani da wuta suka yi a ranakun da hukuma ta kasa riƙe gari.

3/ Na zaɓe su ne don babu mai cewa wa'azi ne ya yi ƙaranci. Nan masallaci a kowane lungu, can coci a kusan kowane layi. Liman yana tsoratarwa da Jahannama ranar Juma'a, fasto yana tsoratarwa da tafkin wuta ranar Lahadi. Kuma tsakaninsu tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa.

4/ Mu fara daga tushe. Fagge tsohon zango ne a bayan ganuwar Kano, inda Buzaye da sauran fataken Sahara ke sauke raƙuma. Tun asali unguwar baƙi ce. Shi ya sa har gobe in ka tona asalin gidajen Fagge za ka ji Agadas, ka ji Barno, ka ji Nufe, ka ji ƙauyukan Kano.

5/ Sabon Gari kuwa aikin Turawa ne. Sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, wajen 1913 aka yanka filaye don ma'aikatan reluwe, akawu, tsofaffin sojoji da 'yan kasuwa daga Kudu, da Saliyo, da Gana ta yanzu. Ku duba sunayen titunan: Freetown, Gold Coast, Abeokuta, Enugu, Aba.

6/ Turawa sun taƙaita aikin mishan a cikin birni, sai coci-coci suka taru a Sabon Gari. Dokarsu ta hana sayar wa 'yan Arewa barasar kwalba, amma ta bar lasisi a unguwar baƙi. Haka Sabon Gari ta zama gidan giya da otal a idon ɗan birni. Mu faɗi gaskiya kuma, ba 'yan Kudu kaɗai ke cika kujerun ba in dare ya yi.

7/ A ɓangarenmu, zancen wuta ba baƙo ba ne. Mun tashi muna jin makafi na rera Imfiraji ta Aliyu Namangi na Zariya a ƙofar gida. Kafin ita akwai Tabban Haƙiƙa, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa.

8/ Ku lura da waɗanda Tabban Haƙiƙa ta fi yi wa gargaɗi da wuta: mai mulkin da ke cin dukiyar talakawa, alƙalin da ke karkatar da shari'a, mai ƙwace haƙƙin wani. Wato magabata sun ɗora tsoron wuta a kan haƙƙin mutane. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

9/ To, 1953. Ranar 31 ga Maris, a majalisa a Legas, Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Nijeriya mulkin kai a 1956. Sardauna da wakilan Arewa suka ce a bari sai lokacin da ya dace. Da suka fito, 'yan Legas suka yi musu ihu da zagi. Suka dawo gida da ciwon abin a rai.

10/ Sai jam'iyyar Action Group ta turo tawaga Kano ƙarƙashin S. L. Akintola, za su yi taro a Colonial Hotel da ke Sabon Gari ranar Asabar 16 ga Mayu. Jama'a suka taru don hana taron, aka fara jifa. Kwana huɗu ana gwabzawa, kuma iyakar Fagge da Sabon Gari ce fagen daga.

11/ Lissafin gwamnati: mutum 36 sun mutu, 241 sun ji rauni. An kashe 'yan Kudu, an kashe 'yan Arewa. An fasa kantuna. Abin mamaki, jam'iyyar da ta kawo taron ta Yarabawa ce galibi, amma faɗan ya fi ƙamari tsakanin Hausawa da Ibo, abokan gogayya a kasuwa.

12/ Yanzu ku buɗe kalandar Hijira ku duba 16 zuwa 19 ga Mayun 1953. Makon farko ne na Ramadan 1372. Ranar 17 kuma Lahadi ce. Wato akwai wanda ya ɗauki adda da azumi a bakinsa, akwai wanda ya ɗauki tasa a ranar zuwa coci. Dukkansu in ka tambaye su akwai wuta, za su ce sosai ma.

13/ Kakata tana amarya a Fagge a lokacin. Ta sha ba mu labarin ƙaninta da ya shigo gida dab da magariba da bandir ɗin atamfa a kafaɗa, yana murna, wai ganima. Ta tare shi a zaure ta ce, "Wannan ba atamfa ba ce, garwashi ka ɗauko mana. Ba za ka sha ruwa a gidan nan ba sai ka fita da shi."

14/ Ya yi ta magiya, wai ai kowa ya ɗiba, wai ai kayan arna ne. Ta ce ita ba ta san wuta tana tambayar sunan mai kaya ba. Da ƙishirwarsa ya juya ya kai wa mai unguwa. Gida ɗaya, nono ɗaya, malamin allo ɗaya, azumi ɗaya. Ita wutar ta hana ta, shi ba ta hana shi ba. Wannan bambancin nake bi.

15/ 1966 ta fi muni nesa ba kusa ba. Ranar 1 ga Oktoba sojojin bataliya ta 5 da ke Kano suka yi bore, suka kashe Ibo a filin jirgin sama da tashar jirgin ƙasa, farar hula suka bi sahu zuwa Sabon Gari. Rikicin siyasa ne da ramuwar juyin mulkin Janairu. A masu kisan akwai Musulmi, akwai Kirista.

16/ Za ku ce to ai waɗannan ba don addini aka yi ba, mutane ne fushi ya sa suka manta da lahira. Na yarda. Bari mu duba waɗanda ba su manta ba ko na minti ɗaya. A nan ne labarin ya juye min.

17/ 'Yan Awaki, dab da Fagge. Nan Muhammadu Marwa ya kafa sansaninsa. Mutumin Marwa ne ta ƙasar Kamaru, Sarki Sanusi ya taɓa korar sa daga Kano a 1962, daga baya ya dawo. Yawan tsinuwar da yake yi a wa'azi ne ya ja masa sunan Maitatsine.

18/ Ya tsine wa mai agogo, mai rediyo, mai keke. Ya tara gardawa da matasan da suka zo cin rani, ya cusa musu cewa sauran Musulmin Kano sun halaka. Waɗannan yaran ba za ka ce ba su yi aiki da imaninsu ba. Sun bar komai, sun yarda su mutu a kai.

19/ Daga 18 ga Disamba 1980 aka fara, 'yan sanda suka kasa, sai da Shugaba Shagari ya turo soja kafin ƙarshen watan. Kwamitin bincike na Mai Shari'a Aniagolu ya ce mutum 4,177 suka mutu. Mafi yawansu Musulmi ne, kuma mutanen da suka fi kowa zancen wuta ne suka jawo.

20/ To ka ga tambayar ƙanina ta rabu biyu. Akwai wanda ya yarda da wuta amma bai motsa ba. Akwai kuma wanda ya motsa da dukkan ƙarfinsa, sai dai wutar da yake gani ta maƙwabcinsa ce. Shi a ransa ya riga ya tsallake siraɗi, saura ya tura wasu.

21/ Wannan na biyun ne ya yi ta dawowa. Oktoba 1982, rigima ta tashi kan sabon ginin cocin Angilikan a Fagge, wai ya matsi masallaci. 'Yan sanda suka tsare cocin, sai taron ya juya ya ƙona wasu coci-coci a Sabon Gari waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

22/ Litinin 14 ga Oktoba 1991. Zanga-zangar ƙin zuwan Reinhard Bonnke, mai wa'azin Kirista ɗan Jamus. Abin da ya ƙara fusata mutane shi ne an hana Ahmed Deedat na Afirka ta Kudu irin wannan dama. Ƙorafin yana da tushe. Amma Bonnke ya fice lafiya, talakawa ne suka kwanta dama.

23/ Ina firamare a lokacin. Na tuna hayaƙi ta gabas da gidanmu, da mata suna salati a tsakar gida. A wannan karon 'yan Sabon Gari sun rama, sun kashe Hausawan da rikici ya rutsa da su a can: 'yan dako, masu shayi, masu faci. Su ma masu ramuwar sun san abin da littafinsu ya ce kan kisan kai.

24/ Kawuna yana cikin waɗanda abin ya rutsa da su, ya je sayen kayan gyaran mota. Ibon da yake sayayya a wurinsa ya tura shi bayan kanta, ya ja ƙofa ya sa kwaɗo, ya zauna a waje kamar ba kowa. Sai washegari ya fito da shi. Da kawu ya yi godiya, cewa ya yi in ya bari aka kashe shi, me zai gaya wa Allah?

25/ Mayun 2004 ma haka. An yi wa ɗaruruwan Musulmi kisan gilla a Yelwan Shendam ta jihar Filato, a wani zagaye na ramuwar gayya da ya ci Kiristoci a watan Fabrairu. Ranar 11 ga Mayu Kano ta ɗauka. Human Rights Watch ta ce an kashe fiye da mutum 200 a kwana biyu. Wanda aka kashe a Kano bai taɓa ganin Yelwa ba.

26/ Kuma duk ɗan Islamiyya ya san hukuncin. Aya ta 93 a Suratun Nisa'i ta yi alkawarin Jahannama ga mai kashe mumini da gangan. Hadisi a Bukhari ya nuna mai kashe wanda ba Musulmi ba da ke zaune da amana ko ƙanshin Aljanna ba zai ji ba. Ba ɓoyayyen ilimi ba ne wannan.

27/ To ya ake yi mutum ya san haka ya kuma aikata? Abin da na fahimta daga tarihin nan: ba ya goge wuta daga zuciyarsa. Suna yake canja wa abin da zai yi. Sata ta koma ganima. Kisa ya koma kishin addini. Maƙwabci ya koma arne, ko a can ɓangaren ya koma "aboki". In suna ya canja, sai tsoro ya kwanta.

28/ Ba a ranar tarzoma kaɗai ba. A Nuwamba 2013 Hisbah ta murƙushe kwalaben giya 240,000 a bainar jama'a, aka yi ta kabbara. Ban ce kuskure ba ne, giya haram ce, ba musu. Amma ku lura, wannan tsoron Allah ne mai araha ga mai kallo: giyar ba tasa ba, asarar ba tasa ba.

29/ Ga inda yake da tsada. A 2018 BBC ta fitar da binciken kodin, aka ga yadda maganin tari ke cinye matasan Kano, har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi. Katan-katan ɗin nan ba aljanu ke sayar da su ba. 'Yan kasuwa ne, wani da tabon sallah a goshi, wani da gicciye a wuya.

30/ Ko mu shiga kasuwanninmu. Sura guda aka saukar kan masu tauye mudu, Muɗaffifina, yara na haddace ta tun suna juz'in Amma. Duk da haka wa bai san tiyar da aka bubbuge gindinta ba? Wa bai san yadin da ake rantse maka na waje ne alhali ba shi ba? Ni ma na taɓa tsayawa a shago, na san abin da bakina ya faɗa.

31/ Masu bincike a waje ma sun yi wannan tambayar. A 1969 Hirschi da Stark sun auna ɗaliban sakandare a Kalifoniya ta Amurka, suka ga yarda da azabar lahira ba ta rage musu aikata laifi ba. A 2012 Shariff da Rhemtulla suka duba ƙasashe 67, suka ga inda aka fi yarda da wuta laifi ya fi ƙaranci. Sakamako biyu, kamar suna karo.

32/ Wanda ya fi burge ni na kasuwar Marrakesh ne a Maroko, 2015. Erik Duhaime ya ba masu shaguna zaɓi: su karɓi kuɗi, ko a ba da sadaka. Waɗanda aka tambaya ana cikin kiran sallah sun fi zaɓar sadaka. Da kiran ya wuce da ɗan lokaci, sai abin ya koma yadda yake. Imanin yana nan, tunawar ce ke zuwa tana tafiya.

33/ Malamanmu sun riga su faɗa, da sunan gafala. Imam Gazali a Ihya'u ya ware babi kan tsoro da fata, da wani kan ruɗin kai. Ya kwatanta tsoron Allah da bulala mai kora bawa zuwa aiki. A wurinsa, tsoron da ya tsaya a hawaye lokacin wa'azi, bai hana gaɓoɓi saɓo ba, tsoro ne mai rauni.

34/ Kuma duk mun san dabarar da muke yi wa kanmu: Allah Gafurun Rahimu ne, zan tuba in na girma, zan je Umara in wanke. Gaskiya ne Yana gafara. Amma malaman nan dai su suka karantar da mu cewa haƙƙin mutum sai an mayar masa ko ya yafe. Mai atamfar 1953 fa, a ina za ka same shi yanzu?

35/ Kar ku ce na tara baƙin labari kawai. A Janairun 2012, lokacin zanga-zangar cire tallafin mai, Kiristoci sun kewaye Musulmi suna sallah a dandalin Silver Jubilee. A watan nan kuma wasu Musulmin Kano suka shiga coci-cocin Sabon Gari ranar Lahadi don kwantar wa maƙwabta hankali.

36/ Kwanaki kaɗan bayan haka, 20 ga Janairu, Boko Haram ta kashe aƙalla mutum 185 a Kano. Ranar 18 ga Maris 2013 ta tayar da bam a tashar motar New Road a Sabon Gari. Gari ɗaya, kusan lokaci ɗaya: masu tsaron masu ibada da masu kai bam, kowa yana cewa lahira yake dubawa.

37/ Sai Malam Abubakar Abdullahi, limamin ƙauyen Nghar a Barikin Ladi ta jihar Filato. Ranar 23 ga Yuni 2018, yana da shekara 83, ya ɓoye Kiristoci 262 a masallaci da gidansa, ya tsaya a gaban 'yan bindiga ya ƙi buɗe ƙofa. A ce wannan bai yi aiki da imaninsa ba? Haba.

38/ To ƙanina, ga amsata. E, akwai masu aiki da imaninsu da wuta, kuma ba ka cika jin su ba, don aikin nasu yawanci ƙin yi ne: bai ɗauka ba, bai soka ba, bai buɗe ƙofa ba, bai tura saƙon ba. Jarida tana ƙirga gawa 36. Ba ta ƙirga gidajen da aka ce a fita da atamfa.

39/ Ma'aunin da na samu daga Fagge da Sabon Gari shi ne: in aka ambaci wuta, fuskar wa ke fara zuwa maka? In ta wani ce, ka yi hattara da kanka, a wannan layin 'yan Awaki suka tsaya. In taka ce, da dama-dama. Kakata kanta da ƙaninta ta ji wa tsoro. Ibon kawuna ma kansa ya ji wa.

40/ Ku kuma naku zamanin ya fi namu sauri. A 1953 sai jita-jita ta taka da ƙafa daga Fagge zuwa France Road. Yau tana aljihunka. Hoton da ba ka tantance ba, muryar WhatsApp da ba ka san mai ita ba, sunan mutum da adireshinsa da "a yi maganinsa" a ƙasa. Danna turawa bai kai ɗaukar bandir nauyi ba, amma yana iya fin sa jini.

41/ Ranar da gari ya sake ɗaukar zafi, Allah Ya kiyaye, za ka ji ana cewa ai kowa ya ɗiba, ai kayan arna ne, ai su suka fara. Ƙanin kakata ya rayu har ya tsufa, na san shi da furfura. Duk azumi sai ya ba da labarin nan da bakinsa, ya ce ƙishirwar magaribar nan ce ta fi kowace amfani a rayuwarsa.

42/ Nan zan tsaya. In a gidanku akwai wanda ya ɓoye wani, ko wani ya ɓoye shi, a 1966, 1980, 1991 ko 2004, ku je ku tambaye shi tun yana raye, ku rubuto mana a ƙasa ba tare da kama suna ba. Wanda zai zage ni kuma, don Allah ya fara karantawa daga na 1. Allah Ya tsare mu da wuta, Ya tsare mutane daga sharrinmu.